Mamacin da Ke Tuƙa Keke a Lisbon

Shafi na 27

Daga alƙalamin Taibatu Labaran Garbadu

Salama gare ku mutanena. Masu cika min waya da "Anti Taibatu kin mutu ne?", ban mutu ba, wuta ce ta mutu a Garbadu, sai da na aika da wayar Mafara aka yi mata caji. Wanda yake cin abinci ya ajiye kwanon tukuna, shafin yau babu daɗi, ni kaina da na rubuta shi raina a ɓace yake.

*

Motar da ta ɗauko Nazifa daga filin jirgin Sakkwato ba ta gama wuce Lambar Bakura ba wayarta ta yi ƙara. Barira ce, maƙwabciyarsu ta Janbako, tana magana tana haki.

"Nazifa, kin sauka? To kar ki tsaya Mahwara, wuto gida. An kama Sambo."

"Wane Sambo?"

"Sambo nawa kinka sani? Na rugga mana. Ya shigo kasuwa sayen magani, 'yan sa-kai sunka gane shi. Ga shi can ɗaure gindin tsamiya. Yayanki Muttaka ya ce da an sallame la'asar..."

Barira ba ta ƙarasa ba, Nazifa ma ba ta nemi ta ƙarasa ba. Ta san abin da Yaya Muttaka yake yi wa wanda ya ɗaure a gindin tsamiyar nan.

Sambo dai shi ne makiyayin da ke riƙe da shanun gidansu tun mahaifinsu na raye. Irin amanar nan ta da, ka ba Bafulatani shanunka ya kiwata, ya sha nono, ya zuba maka taki a gona, ba takarda ba shaida. Shekarar da ta wuce waccan, ƙanen Muttaka, Zaharaddini, wanda Nazifa ke bi, ya fita da babur bai dawo ba. Aka tsinci babur ɗin a kwazazzabo kusa da rugar Sambo, ga rigarsa jage-jage da jini, ga bijimai biyu na gidan sun ɓace daga garke. Babu wanda ya tsaya tambaya. Aka yi wa Zaharaddini sallar gawa ba gawa, washegari Muttaka ya ja 'yan sa-kai suka afka wa rugar. Suka ƙone ta ƙurmus. Falalu, ƙanen Sambo, a bakin rijiya Muttaka ya yanka shi da hannunsa. Sambo ya tsira da ƙyar ya shiga daji. Mahaifiyarsu kuwa, Inna Gimbiya, kuka ta yi ta yi har idonta ya dushe, yanzu sai da lalube.

Abin da Barira ba ta sani ba shi ne, shekaranjiya Nazifa ta baro Zaharaddini da ransa da lafiyarsa, har da ƙiba, kuma da shatin takalminta a goshinsa.

*

Wata ƙungiya ce ta kai su Lisbon, babban birnin Fotugal, taron 'yan kwanaki kan gubar dalma, ita da Amira 'yar Bakura da suke aikin jinya tare a Mafara. Ranar ƙarshe aka ce kowa ya je ya ga gari.

Amira dama abin da ya kai ta ke nan. Tun da safe ta ja Nazifa suka fita.

Gari ne a kan tuddai, kamar an ɗebo gidaje an watsa a kan dutsen Kwatarkwashi. Ko'ina ka juya hawa ne ko gangara. Titin ƙafa duk an jera shi da 'yan duwatsu baƙaƙe da farare masu santsi, sau biyu Amira tana kusa zubar da haƙora. Ga wani ɗan jirgin ƙasa rawaya mai tarago ɗaya yana kutsawa lungu yana ƙugi, har kana iya miƙa hannu ta taga ka ciro shanyar mutane. Bangon gidaje kuwa an liƙe shi da tayil shuɗi mai zane.

"Amira, dibi ikon Allah. Abin da masu kuɗɗin Mahwara ka liƙa ma banɗaki, su nan waje sunka sa shi."

Suka je wata tsohuwar hasumiya da ke tsaye ƙafarta cikin ruwa, da manyan bindigogin da aka daina harbawa tun kakannin kakanni. Ruwan gabanta Nazifa ta rantse teku ne, aka ce mata kogi ne, tekun na can gaba. Ta tuna yadda suke alfahari da madatsar ruwan Bakolori, ta yi wa kanta dariya. Suka bi layi mai tsawo suka sayi wani ɗan kek mai kwaɓin ƙwai a tsakiya, da zafinsa, Amira ta ci uku tana cewa ba ta ji komai ba. Duk lungun da suka shiga ƙamshin gasasshen kifi ne.

Da rana ta karkata ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Suna zaune a wani babban fili a bakin ruwa sai Amira ta buga tsalle.

"Nazifa! Keke napep! Wallahi keke napep cikin Turai!"

Shi ne kuwa, sai dai an yi masa ado da furanni, kuma ba ya hayaƙi ba ya ƙara. Masu yawon buɗe ido ake zagayawa da su a ciki. Suka zaɓi na wani baƙar fata mai hular hana sallah da baƙin gilashi, ya rufe baki da hanci da ƙyalle. Ko kallonsu bai yi sosai ba, idonsa na kan wasu Turawa da yake fatan su hau. Ya ja keke yana zuba musu Turanci a haddace, wai wata shekara can da girgizar ƙasa ta rushe garin nan, ruwa ya biyo baya ya shanye abin da ya rage.

Amira na ɗaukar bidiyo. Nazifa kuwa tana zaune daidai ƙeyarsa, kuma ƙeyar ce ta hana ta sakat.

A bayan kunnensa na hagu akwai tabon sakiya uku a jere. Ta san wanzamin da ya yi irinsu, ta san ranar, domin ita ta riƙe wa Inna fitila. Ta ce a ranta mutane na kama. Ta kau da kai ta kalli wani tsohon coci. Idon ya sake komawa.

Suka zo wani hawa mai tsini. Direban ya ɗan bubbuga kan keken da tafin hannu, kamar mai lallashin jaki, yadda wani yake yi wa baburinsa kullum a hawan Maradun. Kafin ta gama haɗiye wannan sai ɗan jirgin nan rawaya ya ɓullo daga kwana, direban ya taka birki da ƙarfi, Turancin nan duk ya zube.

"Kai! Kai, wane irin ganganci na wanga!"

Amira ta sauke waya. Nazifa ta ji kamar an watsa mata ruwan randa.

"Zaharu," ta ce a hankali.

Ƙeyar ta sandare.

"Zaharu na Inna."

Bai juyo ba. Ya ja keken ya ƙarasa hawan, ya tsaya a wani dandali da ake hango garin duka, jajayen rufuna har bakin ruwa, Turawa cike suna hoto, wani na kaɗa garaya irin tasu. Ya sauko, ya cire gilashin, ya janye ƙyallen.

"Nazifa... ke ta? Mi ya kawo ki nan?"

Ni Taibatu da ni ce, suma zan yi. Nazifa ba ta suma ba. Takalminta ta cire, mai tudun dunduniya, ta ɗauke shi da shi a goshi. Jini ya balle. Ta ƙara masa. Ta shaƙo wuyan rigarsa ta haɗa kansa da ƙarfen keken.

"Ga jini nan! Ga naka na gaskiya! Na wa kas shahwa ma riga?"

"Tsaya, tsaya ki ji! Na akuya na!"

"Akuya?"

"Inna ba ta bari in tahi, kin sani. Yaya ma ba ya bari. Nit tai rugga nac ce Sambo ya ba ni bijimai in sai da, yac ce ba ya badawa sai da izinin Yaya. Sai na koro su da kaina sa'ad da yat tahi mashaya. Rigar kuwa don a ce 'yan bindiga na, kar a biyo ni. Na ce in na samu in dawo in biya, in gina ma Inna gida..."

"Bakin rugga kay yada rigar."

"Nan ad da hanya."

"Bakin rugga, Zaharu! Ƙasarmu, zamanin ga! Jini bakin rugga, wa kaka zaton za a ce?"

Ya tsaya yana kallonta, jini na bin girarsa. Wallahi har lokacin bai gane ba. Mutumin da ya ƙetare hamada ya ƙetare teku, wannan ɗan lissafin ya gagare shi.

"An ƙone rugga," ta ce. "Yaya Muttaka ya yanka Falalu. Falalun da ka goya ka in kun tai kiwo ƙaya ta soke ka. Sambo na daji kamar dabba. Inna ta makance bisa kukanka."

Ya zauna daɓas a kan duwatsun nan masu santsi.

"Ƙarya ta. Na kira gida. Da nis samu wuri na kira. Anka ce min Inna ta ji komi, ta yahe ni ma duniya, kar in sake kira."

"Wa yac ce maka?"

Ya kau da kai yana goge jinin girarsa.

"Wa yad ɗauki wayar?"

Turawa sun riga sun yi musu zobe, Amira ta sake ɗaga waya tana ɗauka, wata tsohuwa na ihu, 'yan sanda biyu na hawowa da gudu. Zaharaddini ya zabura zai shiga keke. Nazifa ta kai hannu ta damƙo wuyansa, abin da ya biyo hannunta wata 'yar laya ce ta jar fata, igiyar ta tsinke. Ya faɗa wa 'yan sandan wata magana da yarensu yana nuna ta yana nuna kansa, wai rigimar gida ce, ya ja keke ya gangara. Sun neme shi a filin bakin ruwa har ƙafa ta kumbura. Babu shi. Da safe jirginsu ya tashi.

Ba ta kira gida ba. Ta ce wannan ba maganar waya ba ce, sai ta zauna gaban Inna ta riƙe hannunta. Ga shi kuwa kafin ta iso an kama Sambo.

*

Daga Maradun babur ta hau, domin hanyar Janbako ta fi ƙarfin ƙaramar mota. Ta isa ana sallame la'asar, takalminta ɗaya ya faɗi a hanya ba ta tsaya ɗauka ba.

Kasuwa ta watse ta koma gindin tsamiya. Sambo na ɗaure hannu baya, an haɗa igiyar da ƙafafunsa. Ba don dogon wuyansa ba da ba ta gane shi ba. Ido ɗaya ya rufe, leɓe ya tsage, ƙudaje na bin jinin da ya bushe a gemunsa. Kusa da shi ga ƙullin maganin da ya saya an tattake shi, ruwan maganin tari na yara ya jiƙa ƙasa.

Ishaq, na hannun daman Muttaka, wanda shi ya fara cinna wa rugar wuta, yana tsaye ya taka wuyan Sambo da takalmin roba. Muttaka na wasa wuƙa a kan dutse. An kawo Inna Gimbiya an zaunar da ita a kan turmi, wai ta ji da kunnenta an rama wa ɗanta.

"Yaya!"

Muttaka ya ɗago.

"Ke kuma daga ina? Wuce gida, nan ba wurin mata ba na."

"Kwance shi. Zaharu bai mutu ba."

Inna ta juyo da fuskarta wajen muryar.

"Wa ka magana? Nazifa ta?"

"Ni ta, Inna. Na gane shi da idona. Keke shika tuƙawa can garin da munka tahi. Shi yak kore bijimai, shi yas sa jinin akuya ga riga. Sambo bai san komi ba."

Wani ya yi dariya daga baya. Ishaq ya tofar da yawu.

"An tai Turai an sha abin da aka sha."

Nazifa ta ciro waya, ta buɗe bidiyon da Amira ta tura mata, ta miƙa wa yayanta. Muttaka ya karɓa. Ya kalla. Ga ƙanensa nan zaune a kan duwatsu baƙi da fari, jini a goshi, jajayen rufuna a bayansa. Fuskarsa ko motsi ba ta yi ba, kuma wannan ne ya fara ba Nazifa tsoro.

Ya ajiye wayar a kan dutsen wasa wuƙa, ya sa gindin bindigar Ishaq ya daka ta har sai da ta zama gari.

"Zamanin ga waya na sa matacce ya yi wa'azi. Ba ni kuka yi ma wasa da hankali ba."

Ta yi kansa. Ya ɗauke ta da mari, ta faɗi, ta tashi, ya ƙara mata da bayan hannu har haƙorinta ya huda leɓe. Mata suka ɗauki salati, amma ko ɗaya ba ta matso ba. Kowa tsoron tsamiyar nan yake ji.

Sambo ya motsa a ƙarƙashin takalmin Ishaq.

"Nazifa, bari. Kar su taɓa ki sabili da ni. Ɗiyata dai, tari taka yi, ki ce a..."

Ishaq ya danna ƙafa, maganar ta maƙale.

Nazifa ta rarrafa ta isa gaban turmi. Ta zaro layar nan daga cikin rigarta ta danƙa a tafin Inna.

"Inna, ke ba ki ganin waya. Taɓa wagga."

Yatsun tsohuwar suka bi fatar, suka bi ɗinkin, suka tsaya a wani ƙulli. Ta kai ta hanci.

"Ni niɗ ɗinke ta. Da zaren zanena na aure. Ba ya tuɓe ta ko wanka shika yi." Muryarta ta karye. "Warin zuhwanai na nan bisa. Sabo na."

Jama'a suka fara guna-guni. Nazifa ta ɗauka shi ke nan, ta yi nasara. Ba ta san Ishaq ba.

"To ga shi kuwa!" ya daka tsawa. "Ranar da munka tsinci riga, akwai laya? Babu! Wa yac cire ta ga wuyan gawa in ba wanda yak kashe shi ba? Yanzu ga ta hannun wagga. Ina tas same ta? Ku tambaye ta yaushe suka haɗuwa da Sambo cikin daji! Ma'aikaciyar asibiti, wa yas san wa taka kai ma magani?"

Sai wani ya furta kalmar.

"Infoma ta!"

Ku da ba 'yan Zamfara ba, ba za ku gane nauyin kalmar nan ba. Infoma shi ne mai kai wa 'yan bindiga rahoto, mu nan in aka jefa wa mutum ita, ba a jiran alƙali. Dutse na farko ya same ta a kafaɗa, na biyu ya fasa mata gira. Barira ta yi ihu ta shigo, aka hankaɗe ta.

Muttaka ya ɗaga hannu, jifa ya tsaya. Ya damƙo hijabin ƙanwarsa ya ja ta har gindin turmi, ya sunkuyo da bakinsa daidai kunnenta. Warin taba da zufa suka cika mata hanci.

"Ke wawuya ta," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ce musu kin yi ƙarya, in hitar da ke."

"Yaya, wallahi shina da rai."

"Na sani."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ni yak kira. Bayan ƙaramar sallah. Ni nac ce kar ya sake kira."

"Kai na... kai kad ɗauki wayar."

"Mi kika so in ce mai? Dawo gida, na yanka Falalu bisa jinin akuya? Dibi mutanen ga bayana. Duk wanda kika gani ya ɗauki wuta ranar nan. In Zaharu na da rai, mu duka mi muke? An yi mai salla, ya mutu. Sambo ɗai yar rage mai cewa a'a, kuma yau shina ƙarewa."

Ya sake ta, ya miƙe, ya ɗauki wuƙar.

Abu ɗaya Muttaka ya manta. Tun da idon Inna ya tafi, kunnenta yake jin tafiyar ƙadangare a bayan ɗaki. Kuma a gindin turminta ya yi raɗar.

Tsohuwar ta miƙe. Babu sanda, babu mai ja. Ta tako tana lalube da ƙafa, ta bi nishin Sambo har ta taka igiya. Ta ture ƙafar Ishaq da hannu, shi kuwa mamaki ya sa ya janye. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan Sambo a cinyarta, jininsa ya ɓata mata zane.

"Sambo."

"Na'am, Inna."

"Nonon shanunka nis sha ina jegon wanga mai wuƙa. Ka yahe min, na la'ance ka dare da rana bisa abin da ba ka yi ba."

"Inna, tashi daga nan," Muttaka ya ce. Muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Bayan ƙaramar sallah," ta ce. "Kana zaune kana ba ni hura da hannunka, ina kukan ɗana, kana ce min in yi haƙuri. Ka san shina da rai ka bar idona yat tahi."

"Inna..."

"Kar ka kira ni."

Ta cire mayafinta ta yar. Ta kai hannu ƙirji, ta kama bakin rigarta ta fara ɗagawa. Kasuwa ta ɗauki "Innalillahi". Maza suka juya baya, tsofaffi suka rufe ido, domin kowa ya san uwa ba ta ɗaga wa ɗanta nonon da ya sha a bainar jama'a sai in za ta tsine masa tsinuwar da ba ta da magani.

"Aje wuƙar ga, Muttaka. Ko ka aje ta, ko in ɗaga maka shi gaban Janbako duka, ka bi duniya kana tsintar leda."

Ƙaton nan da ƙauyuka ke jin sunansa su rufe ƙofa, sai ga shi yana ja da baya. Ya dubi uwarsa. Ya dubi Nazifa da jini ya rufe mata rabin fuska. Ya dubi Sambo.

Wuƙar ta faɗi a ƙasa.

Ya durƙusa ya sa kai cikin turɓaya, ya fashe da wani irin kuka mai kama da na sa. Nazifa ta ja jiki ta kama ƙullin igiyar da ke hannun Sambo, ta sa haƙori tana kwancewa, tana kuka tana cewa Alhamdulillahi.

Ba ta ga lokacin da 'yan sa-kan suka dubi juna ba. Ba ta ga sun matso sun rufe zoben ba. Inuwa kawai ta gani ta faɗo a kanta, ta ɗago.

Ishaq ne. Ya sunkuya ya ɗauki wuƙar, ya goge turɓayar a hannun rigarsa.

"Muttaka, kai uwarka ta, dole ka aje." Ya gwada kaifin a babban yatsansa, ya tako. "Mu ko ba mu sha nononta ba."